Gorar da Inna Ta Cika Mini

Tun da na dawo daga Kumasi ban huta da tambaya ba. A asibitin garinmu, inda nake aikin duba-gari, abokan aikina sun mai da ni rediyo. Wannan ta ce yaya Gana take, waccan ta ce wai da gaske ne atamfarsu ta fi tamu. Ni kuwa sai in ce lafiya lau, in kawar da zancen. Har Maman Sadik ta ce anya ma na je, ko a Legas na maƙale na dawo da hoton waya. To ga shi na rubuta, kowa ya karanta ya bar ni in sha iska. Sai dai ku yi haƙuri, labarin ba na atamfa ba ne.

Saboda Kande na yi tafiyar nan. 'Yata ce, ita kaɗai gare ni, shekararta huɗu. Tun da aka kai ta yaye wajen mahaifiyata, a ƙauyenmu da ke tsakanin Bunkure da Kadawa, ban ɗauko ta ba. Mahaifinta direban tirela ne, rabin rayuwarsa a hanya, ni kuma kullum ina wajen aiki. Ban da haka, a gari ruwan 'yan garuwa muke sha, a gida kuwa akwai rijiyar Baba. Bara sai yarinya ta fara ciwon cikin da ba ya jin magani. Ta daina cin abinci, ta yi fari fat, 'yar maganar da ta fara ma ta tsaya cik. Muka yi ta yawo har wata likita a Kano ta sa aka auna jininta, ta ce akwai dalma a ciki, wato ƙarfen nan mai guba. Ta ba mu magani, amma ta faɗa mini gaskiya: in ba mu gano ta inda dalmar take shiga jikinta ba, muna zuba magani tana komawa.

Ni tun a ɗakin likitar na yanke hukunci. Kanal ce. Wato babbar hanyar ruwan da ta taso daga Tiga ta ratsa gonakinmu, inda ake wankin babur da buhun taki da tankin feshi, yara kuma su faɗa su yi iyo har su kurɓa. Na je gida na kafa doka, kada ƙafar Kande ta sake taka bakin kanal, ruwan sha kuma na rijiya kaɗai. Ciwo ya ɗan lafa, ya dawo. Ana cikin haka wata ƙungiya mai aiki da manoman rani ta ce za ta tura mutum biyu Kumasi, su koyo yadda ake gwada ruwa da wata 'yar takarda mai sauya launi. Sai da na yi kwana uku ina sintiri a ofishinsu kafin su sa sunana. Na biyun Malam Sale ne, dattijon manomin tumatir daga Kadawa, wanda ya daɗe yana shugabantar masu raba ruwa a layinsu. An ce kowa ya zo da ruwan yankinsa, shi ya sa muka zaɓi mota, don ba a shiga jirgi da gorunan ruwa.

Bari in ɗan faɗa muku rijiyar nan, don ba za ku gane sauran ba sai da ita. Baba ne ya haƙa ta da hannunsa a gindin tsamiyar ƙofar gidanmu, shekarar da ya auri Inna. Ruwanta sanyi ne da shi ko a bazara, kuma yana da wani ɗan zaƙi-zaƙi a bayan harshe da ban taɓa ji a wani ruwa ba. A inuwar tsamiyar nan Baba yake sana'arsa ta biyu. Yakan sayo tsofaffin batiran mota ya fasa, ya narka dalmar ciki a wata tsohuwar tasa, ya zuba wa masunta 'yan ƙwallayen da ake ɗaura wa bakin raga don ta nutse. Ina yarinya ni ce mai fifita masa wuta. In ƙwallayen sun huce a cikin yashi, sai ya ba ni uku in yi 'yar carafke da su, suna ƙyalli kamar azurfa. Shekara shida ke nan da rasuwarsa, amma har yau in na ji ƙaurin gawayi da safe, shi nake gani a tsugune yana fito.

Gidanmu irin gidan nan ne da ake yanka kaza ranar Kirsimeti, a kuma yanka ranar Sallah. Inna tana zuwa coci, ni da yayana Ɗanjuma muna sallah, amma akwai al'adun kakanni da babu wanda ya isa ya taɓa mata. Ɗaya daga ciki ita ce ta matafiyi. Duk ɗan gidan da zai bar ƙasa, sai ta jawo ruwan rijiya da kanta, ta zuba kaɗan a ƙasa don waɗanda suka rigaya, ta ba shi ya sha a ludayi, sannan ta cika masa gora. Kowace safiya a can sai ya ɗiga kaɗan a cikin ruwan da zai sha, don kada ruwan baƙuwar ƙasa ya ƙi shi. Ranar da ya dawo kuma, da ludayin nan za ta tare shi a ƙofa kafin ya ajiye kaya. Haka ta yi mini. Kande tana riƙe da zanina, sai da zan shiga mota ta sake ni ta koma bayan kakarta.

Daga Kano muka hau doguwar bas zuwa Legas. Ni na riƙe ƙaramar kula mai gora biyar na ruwan kanal, kowace da sunan wurin da na ɗebo ta. Gorar Inna kuwa na naɗe ta a zani na cusa ƙasan jaka. Malam Sale ya san hanyar nan tun yana saurayi yana bin motocin tumatir, saboda haka tun daga Kwanar Ɗangora ya fara yi mini karatu: nan suka taɓa faɗuwa da kwando ɗari, can wani direba ya gudu ya bar su. Ƙafafuna suka kumbura, matar da ke bayana ta ci kifi busasshe tun daga Kaduna har Ilori. Ni dai ina ta duba wayata, ko Yaya Ɗanjuma ya turo hoton Kande.

A Legas mun sauka gidan wani dillalin tumatir ɗan Kura, abokin Malam Sale. Da safe ya zaga da mu kasuwar da ake sauke kayan Arewa. Malam Sale ya tsaya gaban wani kwando ya ɗauki tumatir ɗaya ya shinshina.

"Wannan na layin Garun Babba ne," in ji shi. "Sun cika masa ruwa, shi ya sa ya yi laushi."

Dillali ya duba takarda ya ce wallahi haka ne. Na yi dariya. Kwana ɗaya tak da barin gida, ga ni ina kallon tumatir kamar ɗan'uwa.

A iyakar Seme aka fara wasan. Fasfo da katin rigakafi duk sun wuce lafiya, sai wani jami'i a ɓangaren Benin ya buɗe kula. Ya ga goruna da rubutu a jiki, ya sha kunu. Na miƙa masa wasiƙar ƙungiya, ya juya ta sama da ƙasa, don da Turanci aka rubuta, shi kuma Faransanci yake ji. Wani ɗan canji Bazabarme ya yi mana tafinta, ya ce jami'in ya ce in dai ruwa ne, a sha ya gani. Kafin in buɗe baki Malam Sale ya ɗauki gorar da na rubuta wa "bayan gada" ya kafa kai.

"Malam, ruwan gwaji ne fa," na ce.

"Malama Talatu, shekara arba'in ina shan ruwan nan a gona," in ji shi yana goge gemu. "Yau don ya shiga kula ba zai zama baƙona ba."

A iyakar Togo ma haka aka yi, ya sake shanye ɗaya. Na ce masa in aka ƙara iyaka biyu, sai dai a tsoma takardar a cikinsa. Gorar Inna babu wanda ya tambaye ta.

A Kwatano ban ga komai ba sai 'yan acaɓa masu rigar ɗorawa, da mata a kan babur suna tuƙa kansu da goyo a baya, da burodi dogo kamar sandar makiyayi. A Lome hanya ta bi ta bakin teku. Ni ban taɓa ganin teku ba, na manne da taga. Malam Sale ya daɗe yana kallo, can ya girgiza kai ya ce duk ruwan nan babu wanda ya yi ko fangali ɗaya na albasa da shi, wannan ai asara ce. Muka shiga Gana ta Aflawo da gora uku, muka kwana Ankara babban birninsu, washegari muka kama hanyar Kumasi.

A wannan hanyar ce na ga kogin da ya tsorata ni. Launinsa kamar kunun gyaɗa, ba ya ko motsi sosai. Wani malamin makaranta da ke kusa da ni ya ce masu haƙar zinariya ne suka mai da shi haka, kuma yana yaro har kifi yake kamawa a ciki. Ya faɗa yana kallon waje, da irin muryar da ake zancen mamaci. Na ce a raina, Allah ya so mu, mu dai muna da rijiya.

An ba mu masauki a ɗakunan baƙi na wata jami'a, amma abincin wurin ya gagare mu. Ranar farko aka kawo mana dokunu, wani curin masara mai tsami a naɗe da ɓawo, da soyayyen kifi da barkono baƙi ƙirin. Malam Sale ya ɗauka alale ne, ya gatsa da ƙarfinsa, ya zauna yana kallon bango hawaye na zuba. Wani mai gadi ya ji tausayinmu ya kai mu Zango, unguwar Hausawan can, wajen wata dattijuwa mai sayar da abinci da ake kira Mma Adiza.

Kakanta daga Bebeji ya zo fataucin goro bai koma ba. Ita ba ta taɓa taka Kano ba, Hausarta kuma ta sha ruwan Kumasi, ni ma "ka zo" take ce mini kamar namiji. Da ta ji daga inda muke, ta ajiye ludayin miya ta riƙe hannuna biyu. Ta tambaye ni ko har yanzu akwai kukoki a hanyar Bebeji, don kakanta ya ce akwai wasu guda uku a jere. Ban san su ba, amma na ce suna nan. Shinkafa da wakensu ja ne, da karan dawa suke dafa shi, a zuba taliya da garin rogo da ƙwai duk a ganye ɗaya. Tuwonsu kuma ruwa-ruwa ne, in Inna ta gani cewa za ta yi bai nuna ba. Kullum a wajenta muke ci, kuma kullum sai ta fara miƙo mana ruwa kafin ta tambayi labari, don a can ba a tambayar baƙo abin da ya kawo shi sai ya sha. Ni kuma sai in faki ido in ɗiga na Inna a ciki.

Ranar Asabar muka fito muka tarar an toshe titi da rumfuna, ana kiɗa, jama'a cikin baƙaƙe da jajayen kaya, ga hoton wani tsoho ƙato a allo. Malam Sale ya bi layi yana gaisawa da mutane yana cewa Allah ya sa alheri, Allah ya ba da zaman lafiya. Sai da Mma Adiza ta janye shi ta ce jana'iza ce, mutumin ya yi wata biyu a firji ana shiri. Ya riƙe baki ya ce mu da ake binne mutum kafin shayinsa ya huce. Ni abin da ya tsayar da ni daban ne. Wani dattijo ya fito tsakiya ya zuba abin sha a ƙasa kaɗan-kaɗan yana kiran sunaye. Hannunsa ya karkata daidai yadda na Inna yake karkata. Na juya na share ido kada a ce na san mamacin.

Karatun kwana biyar ne. Mai koyar da mu wata mace ce gajera mai saurin magana, Dakta Afuwa, ni nake juya wa Malam Sale abin da ta ce. Takardar ba ta fi ɗan yatsa ba, an shafa wa bakinta magani ruwan ɗorawa. In aka ɗiga mata ruwa mai dalma, sai wurin ya koma ja-ja kamar zoɓon da aka sirka. Gwargwadon yawan dalmar, gwargwadon turin launin, sai a ɗauki hoto da waya a gwada da katin launuka. Akwai wata takardar daban don guba irin ta masu zinariya, akwai ta masu jimar fata. Ta nanata mana cewa takarda ba alƙali ba ce, 'yar tsegumi ce kawai. In ta nuna, sai a kai ruwan ga babban inji ya tabbatar. In ba ta nuna ba, ba wai ruwan ya tsarkaka daga komai ba ne, abin da aka tambaye ta kaɗai ta amsa.

Rana ta uku aka ce kowa ya fito da ruwan garinsu. Na jera gorunan kanal uku. Na ɗiga na farko, na jira. Ɗorawa. Na biyu, ɗorawa. Na uku ma haka. Malam Sale ya yi hamdala da ƙarfi, don shi tumatirinsa yake ji, kuma ga gora biyu a cikinsa. Ni kuwa raina ya ɓaci. Na ratso ƙasa uku don in kama ɓarawo, ga shi an ce ba shi ba ne.

Dakta Afuwa ta ce kowa ya gwada ruwa mai tsabta a gefe, don ido ya san bambanci. Ta raba mana tataccen ruwan ɗakin gwaji. A nan ne bakina ya ja mini. Na ce ai ni ina da ruwan da ya fi wannan, na rijiyar mahaifina, wanda duk ƙauyenmu ake zuwa roƙa in za a yi wa amarya kunu. 'Yan ajin suka yi dariya, wani ɗan Kamaru ya ce a kawo mu gani. Na ciro gorar Inna daga jaka, saura bai kai rabi ba, na ɗiga a takarda ina murmushi.

Ban ƙirga goma ba bakin takardar ya fara sauyawa.

Na ce takardar ta lalace. Ta ba ni wata. Na ce hannuna ne ya taɓa wani abu, na wanke, na sake. Na ce gorar ce, ta tambaye ni gorar mece ce, na ce sabuwa ce ta ruwan sha, ni na saya. Takarda uku a jere a kan tebur, duk launin zoɓo. Malam Sale bai ji Turancin ba, amma ya daina tambayata me aka ce.

Dakta Afuwa ta ɗebi kaɗan ta kai wa injin, washegari ta kira ni ofishinta ita kaɗai. Ta ce injin ya yarda da takarda. Ta tambaye ni ko ana haƙar ma'adini kusa da mu, na ce a'a. Masana'anta fa? Babu. Bututun ƙarfe? Guga muke sawa. Sai ta ce, akwai wanda yake fasa batir a kusa?

Na ga tasar Baba. Na ga ramin da yake tuttular da ruwan batir da toka, taku biyar daga bakin rijiya, da tulin ɓawon batiran da har yau kaji suke kwana a kai. Rijiyar ba ta da dakali, duk damina ruwan tsakar gida yana gangarawa ta wajen. Ta ce ba ruwan kaɗai ba, ƙasar wurin ma, in yarinya tana wasa a ciki tana kai hannu baki. A gindin tsamiyar nan Kande take wuni. Ni na hana ta kanal, ni na ce ta zauna a nan.

Na fita na zauna a kan matakala na kira Yaya Ɗanjuma. Na ce ya sayi ruwan leda, Kande da kowa su sha shi, a ɗebo na girki daga famfon makaranta, kuma ya kai yarinyar gidansa yau ɗin nan.

"Lafiya, Talatu? Me zan ce wa Inna?"

"Ka ce likita ce ta ce. Sauran ka bar mini, Yaya, ni zan faɗa mata da bakina."

Ya ce, "Rijiyar ce?" Na ce ya dai kai yarinyar yau, shi ma bai sake tambaya ba.

Da yamma na je wajen Mma Adiza ban iya cin komai ba. Ta miƙo ruwa, hannuna ya tafi jaka da kansa, sai na tuna na dawo da shi. Na ba ta labari duka. Ba ta ce mini in yi haƙuri ba. Cewa ta yi, "Ka yi kuka, ɗiyana. Babanka bai sani ba, abinci ya nema muku." Na kifa kai a cinyar matar da ban fi kwana shida da sani ba, na yi kukan da ban yi ba tun ranar da aka binne shi. Ban ji haushin Baba ba ko kaɗan, kewarsa ce ta taso mini. So nake ya dawo ko na minti ɗaya in ce masa ya matsar da tasar can bayan gari, shi ke nan.

Dawowa ba ni da abin faɗa a kai. Iyakokin nan uku muka sake bi, wannan karon da kwalin takardun gwaji, babu wanda ya ce a sha. Malam Sale ya rage surutu. Sai da muka wuce Zariya, muka fara ganin koren shinkafa da farin balbela a kan kanal, ya ce, "Malama Talatu, ni ma na sayi dalmar raga a wajen mahaifinki. Duk wanda ya ci kifi a yankin nan da hannunsa a ciki. Kada ki bar tsohuwa ta ɗauka ita kaɗai."

Da la'asar na isa ƙauye. Na fara biyawa gidan Yaya na ga Kande, ta ɗan yi fes, ta yarda na ɗauke ta. Daga nan na taka zuwa gida. Inna tana tsaye a ƙofa, an riga an gaya mata na sauka. Ludayin yana hannunta, cike, har yana zuba a yatsunta. Fuskarta ba walwala.

"An ce kin je ƙasar mutane kin koyo raina ruwan gidanku," in ji ta. "Ɗanjuma ya ɗauke mini jika kamar mai cuta. Karɓi ki sha, sai ki yi mini bayani."

Na yi kwana goma sha biyu ina mafarkin ruwan nan. Maƙogwarona a bushe yake, ina jin sanyinsa tun daga inda nake tsaye. Na durƙusa na gaishe ta, ban karɓa ba. Na buɗe jaka na ciro takarda biyu. Ɗaya na ɗiga mata ruwan leda na ba ta ta riƙe. Ɗayar na tsoma a ludayinta.

"Inna, ki duba. In akwai abin da ke cikin jinin Kande, wannan za ta yi ja."

Ta duba. Ba ta yi karatu ba, amma ta yi shekara hamsin tana rina zare, ta san launi in ya kama. Ta kalli ta hannun dama, ta kalli ta ludayi, ta daɗe.

"Daga ina ya shiga?"

Na juya na kalli gindin tsamiya. Ita ma ta juya. Kaji suna kan ɓawon batiran, tasar tana kife inda ya bar ta, don Inna ba ta taɓa yarda a ɗauke ba. Na fara cewa ba laifin kowa ba ne, ta ɗaga mini hannu. Ta taka a hankali har bakin rijiya, ta karkata ludayin, ta zubar da ruwan a ƙasa kaɗan-kaɗan har ya ƙare.

"Maigida," ta ce, "ba mu sani ba, ni da kai. Jikarka ce. Ka yafe, zan rufe."

Ita da kanta ta kwance igiyar guga ta naɗe. Yaya ya ciro tsohon ƙyauren ɗakin Baba muka ɗora a bakin rijiyar, aka danne da duwatsu. Daga baya aka kwashe ƙasar wurin aka zuba sabuwa, na bi gidajen da suke ɗiba a wajenmu ɗaya bayan ɗaya na ce su kai yaransu awo. Kande tana wajena yanzu, tana shan maganinta, cikin ya lafa. Likita ta ce maganar za ta zo a hankali, ba ta yi mini alƙawarin za ta zo duka ba. Shekaranjiya na ba ta ruwa a kofi, ta kurɓa ta yamutsa fuska ta ce, "Ba na Kaka ba." Kalma huɗu a jere, rabon da ta yi haka tun bara. Na rasa ko dariya zan yi ko kuka.

To Maman Sadik, na je Gana, ga shaida. Atamfarsu tana da kyau, ban sayo ba. Gorar Inna tana saman kwabata, da sauran ruwa kamar yatsa biyu a ciki. Ba zan sha ba, kuma na kasa zubarwa.